Shin Kaset Ɗin Da Muka Tashi Da Shi Ya Cancanci Shafi A Wikipedia?

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta muƙala a Wikipedia ya san tambayar da ake fara yi kafin a soma komai: shin abin nan ya cancanci a buɗe masa shafi nasa na kansa? Idan maganar gari ce ko sarki ko gwamna, amsar ba ta da wuya. Inda ake kai ruwa rana shi ne kan abu irin kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi, wato faifai ko kaset ɗin da wani ya tsinto waƙoƙin mawaƙa daban-daban ya haɗa su wuri guda. Kundin ba na mawaƙi ɗaya ba ne, waƙoƙin cikinsa kuma galibi an riga an ji su a wani wurin. To me zai sa a ba shi shafi? Na ɗan jima ina taɓa rubutu a Wikipedia ta Hausa idan na taso daga kasuwa, kuma a kwanakin baya tambayar nan ta shigo har cikin gidanmu a nan Sabo. Na ga ya dace in kawo ta gabanku, saboda abin da ke cikinta ya shafe mu baki ɗaya.

Ga yadda abin yake. Akwai wani kaset mai minti 90 da wani mai sayar da kasa-kasai a unguwar nan ya haɗa tun muna yara, a shekarun 1980. Ba shi da suna, ba shi da hoto a bango. Idan ka je saye sai dai ka ce a ba ka na haɗin nan, mai shagon ya saka a rikodarsa mai baki biyu ya kwafar maka. A fuska ta farko akwai kalangun Mamman Shata, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Idan ka juya kuma sai ka ji amadar Barmani Coge da gurmin Haruna Uji. Can ƙarshe, inda zare ya rage, sai mai shagon ya cike da waƙoƙi biyu na wani makaɗin kalangu ɗan unguwar nan, wanda yake yi wa mahauta kiɗa kuma yake zuwa bukukuwa. A layinmu kaset ɗin nan ya zaga ko'ina. Ana jin sa a shagon tela, ana jin sa a teburin mai shayi, direbobin da suka sauke shanu za su koma Arewa da goro sukan sayi nasu don hanya. Idan zaren ya warware a saka biro a naɗe, idan ya tsinke a liƙa shi a ci gaba da ji.

Ɗan ƙanwata ne ya tsinci kwafi ɗaya a akwatin kakansa, ya kai aka juye masa a waya. Da yake ya san ina wannan harka, sai ya same ni da dare ya ce, "Kawu, wannan ai tarihi ne. Ka koya mini in buɗe masa shafi a Wikipedia, duniya ta san Sabo ma tana da nata." Na ce masa, "Ɗana, zauna tukuna mu auna shi da mudun da ake awo da shi a can, in ya cika mu rubuta, in bai cika ba mu san inda za mu kai shi."

Mudun kuwa ba ɓoyayye ba ne. A Wikipedia ta Turanci, wadda ita ce babba kuma yawancin editocinmu daga gare ta suke ɗauko tsari, ƙa'idar cancanta ta tsaya a kan abu ɗaya: sai an sami madogara amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da mai abin, da suka yi magana mai tsawo a kansa. Ambaton suna a layi ɗaya bai isa ba. Tallan da kamfani ya yi wa kayansa bai isa ba. Abin da mutum ya rubuta a shafinsa na Facebook shi ma bai isa ba, domin babu editan da ya tantance shi kafin ya fito. Ga faifan waƙa kuma an ƙara wasu alamomi: ko ya shiga jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a wata ƙasa, ko an ba shi shaidar zinare saboda yawan ciniki, ko ya ci wata babbar lambar yabo irin Grammy ko an sa shi a takararta. Sannan akwai wata magana da ta fi shafar kundin haɗaka, wato ba a gadon cancanta. Don Shata shahararre ne, ba duk kaset ɗin da muryarsa take ciki ne ya zama shahararre ba. Faifan da ba a sami abin faɗa a kansa ba sai jerin sunayen waƙoƙi, ana mayar da bayaninsa cikin shafin mawaƙin. Idan wani ya matsa ya buɗe shafin duk da haka, ana iya kai shi zauren muhawarar gogewa, a yi kwana 7 ana kawo hujja, sannan a yanke hukunci.

Muka ɗauko kaset ɗinmu muka aza a kan wannan mudu. Suna babu. Shekarar fitowa babu, sai dai kirdado. Kamfani babu. Mai haɗawar ya rasu, shagon ma yanzu 'yan canji ne a ciki. Jaridar da ta taɓa yin sharhi a kansa, ba mu da ko ɗaya a hannu. Abin da muke da shi kawai shi ne tunanin mutanen da suka saurare shi, kuma wannan tunani a ka yake, ba a takarda ba. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ai ke nan an yi dokar ne don a hana irinmu shiga."

Ban yi saurin musa masa ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Sai na ba shi labarin wani kundi da ya yi kama da namu kamar an tsaga kara. Wajen 2009 zuwa 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya zauna a Kidal, arewacin Mali, ya lura cewa matasa suna musayar waƙoƙi ta bulutut da katin memori, daidai yadda masu turin waƙa suke yi a kasuwanninmu. Ya tattaro wasu daga cikin waƙoƙin ya fara fitar da su a kaset, daga baya a 2011 ya buga su a faifan garmaho ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, da sunan Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan wayoyin salular Sahara. A cikin waɗanda ke kundin akwai Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar mai kaɗa jita. Shi kuwa faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin sautin na'urar gyaran murya da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a sake shi kasuwa ta hannun kamfani a lokacin ba, ta waya ya bi Sahara daga hannu zuwa hannu har ya isa kunnen Kirkley. Yau Mdou Moctar yana zaga Turai da Amurka da wasa, kuma kundin nan na wayoyin salula yana da shafinsa a Wikipedia ta Turanci.

Me ya bambanta shi da namu? Dukansu tsince-tsince ne daga abin da talakawa ke saurare. Dukansu sun fara ne a kaset. Bambancin shi ne wancan an rubuta a kansa. Jaridar Guardian ta Ingila ta yi rubutu a kai, Pitchfork ta Amurka ta yi, wata ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Death Grips ta ɗebi sautukansa ta saka a faifanta na 2012, aka sake yin magana. Ga suna, ga shekara, ga kamfani, ga sunayen mawaƙa, domin Kirkley ya bi sawunsu ya nemo su ya yi yarjejeniyar raba kuɗin ciniki da su. Duk mai shakka zai iya bin madogaran ɗaya bayan ɗaya ya gani da idonsa.

Wannan kamfani dai shi ne a 2013 ya fitar da Harafin So, kundin waƙoƙin finafinan Kano, wanda a ciki ake jin muryoyi irin na Fati Nijar da Abubakar Sani. Waƙoƙi ne da muka riga muka ji a gidajen biki da shagunan kallo, amma sai da aka haɗa su a faifai mai suna da shekara suka zama abin da za a iya kafa hujja da shi. Ko shi ɗin ma, wanda zai buɗe masa shafi sai ya kawo sharhin da wasu na gefe suka yi, bayanin da kamfanin ya rubuta a shafinsa na sayarwa ba zai wadatar ba. Idan ka ƙara waiwayawa baya za ka ga hanyar ɗaya ce. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da Nigeria 70, kundin kiɗan zamani na shekarun 1970, kuma ta nan ne mutane da yawa a waje suka fara jin Ikon Allah ta Bala Miller. Tun kafin nan, a shekarun 1960, wani masani Ba'amurke, David Ames, ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau, aka fitar da su a faifai biyu cikin jerin faya-fayan UNESCO, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Kundayen kiɗanmu da suke da takardar haihuwa, da yawansu baƙi ne suka yanka musu ragon suna.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shi ya sa abin yake da ciwo a ce sai baƙo ya zo ya saurara ya rubuta, sannan abinmu zai zama abin lissafi. Kuma ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A 2010 wata ƙungiyar mawaƙa a Kenya, Just a Band, ta fitar da bidiyon waƙa mai wani jarumi da ake kira Makmende. Nairobi ta ɗauka gaba ɗaya, amma da 'yan ƙasar suka buɗe masa shafi a Wikipedia ta Turanci sai aka yi ta gogewa, har sai da manyan kafofin labarai, ciki har da Wall Street Journal, suka yi magana a kansa, sannan shafin ya zauna. A 2011 kuma wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, inda aka riƙa ɗaukar hirar dattawa ana ajiyewa don a kafa hujja da ita a kan abubuwan da ba a taɓa rubutawa ba, kamar wasannin gargajiya. An yi muhawara sosai a kan gwajin, amma Wikipedia ta Turanci ba ta sauya ƙa'idarta ba.

To mu fa? Kowace Wikipedia ta kowane harshe tana da ikon tsara nata sharuɗɗan, ta Hausa ma haka. Shi ya sa yaron ya ce, "Kawu, tunda gidanmu ne, me zai hana mu sassauta?" A nan ne na raba maganar gida biyu.

Akwai ɓangaren mudun da na yarda bai dace da mu ba. A zamanin kaset babu wanda yake ƙirga yawan kwafin da aka sayar a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari ko nan Sabo, balle a ba wani shaidar zinare. Waƙar da ta cika motocin haya daga Legas zuwa Maraɗi ba ta taɓa hawa wani jadawali ba. Idan aka ce sai da waɗannan alamomi, to an rufe ƙofa ga kusan dukkan kiɗan Hausa na ƙarni na 20. Wannan kam bai kamata editocin Hausa su ɗauko shi ido rufe ba.

Amma ɗaya ɓangaren, wato a ce sai wani wanda ba mai abin ba ya yi bayani a inda kowa zai iya zuwa ya duba, shi ban ga dalilin da za mu yar da shi ba. Mu mun fi kowa sanin halinmu da yabo. Mun tashi cikin kirari, mun san yadda ake mayar da ɗan tsako zaki idan ya miƙa hannu. Ranar da aka ce shaidar baki ta isa a buɗe shafi, kowane mai situdiyo zai buɗe wa memorinsa, kowane ɗan takara zai buɗe wa tarin waƙoƙin da aka yi masa lokacin kamfe, kuma kowa zai rantse cewa nasa ne ya fi tashe. Wa zai raba gardama? Ko a kan kaset ɗin namu, na tambayi dattawa uku shekarar da ya fito. Ɗaya ya ce zamanin Shagari, ɗaya ya ce bayan Babangida ya hau, na ukun ya ce shi dai ya san ya riga auren 'yarsa ta fari. Dukansu masu gaskiya ne, babu mai niyyar ƙarya, amma wanne zan rubuta? Yaron da zai karanta shafin a Yamai ko Kumasi ba shi da hanyar zuwa ya tambaye su. Abin da ya karanta shi zai ɗauka, ya kuma kwafa ya kai gaba. Ƙarya ko kuskure idan suka shiga insakulofidiya, fitar da su ya fi fitar da ƙaya daga tafin ƙafa wuya.

Kuma mutane da yawa suna yi wa ƙa'idar mummunar fahimta. Ba ta ce sai madogara ta Turanci ba, ba ta kuma ce sai wadda ke intanet ba. Rubutun Hausa hujja ne cikakke. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, hujja ce. Mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999 hujja ce. Aminiya hujja ce, haka rahoton Sashen Hausa na BBC da sauran gidajen rediyo idan an adana shi inda za a same shi. Littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa hujja ne, haka rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu. Kundin digiri na uku da aka kammala a jami'a shi ma ana karɓarsa. Ƙofar a buɗe take, mu ne muka yi ƙarancin kayan da za mu shiga da su.

Dubi Shata. Babu mai gardama kan cancantarsa, kuma ba don daɗin muryarsa kaɗai ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Bayan rasuwarsa a 1999, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Wanda zai rubuta shafin Shata yana da rijiyar da zai ɗebo ruwa, domin wasu sun riga sun yi wahalar haƙa.

Ko mu dubi unguwar nan tamu. An kafa Sabo a 1916, shekara 15 bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas. Duk wanda yake son rubutu a kanta a kowace jami'a ta duniya, zai fara ne da littafin Abner Cohen, Custom and Politics in Urban Africa, wanda ya fito a 1969 bayan ya zauna cikin kakanninmu a 1962 da 1963. Ya yi bayanin fataucin shanu da goro, da yadda masu gida suke sauke baƙi su tsaya musu a ciniki, da aikin dillalai, da yadda bashi yake tafiya bisa amana. Saboda wannan littafi da waɗanda suka biyo bayansa, babu mai cewa Sabo ba ta cancanci shafi ba. Amma shekara sama da 60 ke nan da zamansa a nan. Abin da ya faru a layukanmu tun daga lokacin, wa yake rubutawa?

Daga ƙarshe ga abin da muka tsayar ni da ɗan ƙanwar tawa. Kaset ɗin ba zai sami shafi nasa na kansa ba, a yanzu dai. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da Barmani da Haruna Uji da ke ciki, muhallinsu shafukan mawaƙan ne, kuma shafukan suna buƙatar mai gyara da ƙara musu madogara. Na ba shi wannan aiki, ya fara da na Barmani. Sannan akwai maudu'in da ya fi kaset ɗaya girma, kuma yana da hujjoji, wato sana'ar kwafar kaset ita kanta a ƙasar Hausa. Brian Larkin ya yi bayaninta a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suka shimfiɗa hanyoyin kwafa da rarrabawa, waɗanda daga baya finafinan Hausa suka hau kansu. A irin wannan muƙala ce labarin masu haɗa kaset zai zauna da gindinsa.

Na kuma hana shi abu ɗaya. Ya so ya ɗora sautin kaset ɗin gaba ɗaya a Wikimedia Commons, rumbun da ake ajiye hotuna da sautuka. Can ba a karɓar abu sai wanda mai shi ya yafe wa kowa ya yi amfani da shi, ko wanda wa'adin haƙƙinsa ya ƙare. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa tana hannun magada har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ɗaukar sautin kuma shekara 50. Idan ka lissafa daga 1999, waƙoƙin Shata suna da masu su har ƙarshen 2069. Gaskiya ɗaya ce, mai shagon da ya haɗa mana kaset ɗin bai biya mawaƙan ko kwabo ba, haka zamanin yake. Mun ji daɗi, amma ba sai mun maimaita ba yanzu da muka san haƙƙi.

Abin da ya rage, kuma shi ne ya hana ni barci, shi ne waƙoƙi biyun nan na ƙarshe. Na Shata ko kaset ɗinmu ya ƙone suna nan a gidajen rediyo da hannun dubban mutane. Na makaɗin unguwarmu kuwa, a iya bincikenmu wannan kwafin ne kaɗai muka samu. Minti 11 ne duka. A ciki yana kiran sunayen mahauta da masu gida da zaurukan da ake sauke fatake, wasu an rushe su an yi benaye, wasu jikokinsu na karanta wannan rubutu yanzu. Yana saka kalmomin Yarbanci a tsakiyar Hausarsa yadda mu 'yan kurmi muke yi, abin da ba za ka ji a bakin makaɗin Kano ko Katsina ba. Idan akwai abin da ya cancanci a adana a kaset ɗin, to shi ne wannan. Amma Wikipedia ba ta karɓar binciken da ba a taɓa wallafawa ba. Ita matattara ce, sai ruwa ya gangaro daga wani wuri take tarawa. Don haka hanyar mutumin nan zuwa can doguwa ce, kuma daga ƙofar gidajenmu za ta fara.

Mun je wurin wata dattijuwa da ta san shi, wadda ya yi kiɗa a bikinta. Yaron ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Hajiya Kaka, so muke ki ba mu labarin mai kalangun nan." Ta yi dariya ta ce, "Yau kuma? Shekara nawa ba wanda ya tambaye ni." Ta yi kusan awa guda tana magana: garin da ya fito, wanda ya koya masa, yadda ake fita da shi ranar hawan ƙaho, da dalilin da ya sa ya ajiye kiɗa a ƙarshen rayuwarsa. Mun ɗauka a waya da izininta, mun rubuta ranar da wurin. Wannan hira ita kaɗai ba za ta zama madogara ba tukuna. Amma idan aka haɗa irinta biyar ko goma, aka nemi yardar iyalansa, wani ɗan jarida ya tantance ya buga a jaridar Hausa, ko wani ɗalibi ya yi nazari a kai, to an haifi madogara. Jami'ar Ibadan tana nan kusa da mu, kuɗin Micra ne kawai, tana da Cibiyar Nazarin Afirka tun 1962, kuma Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa tana cikin harabarta. 'Ya'yanmu nawa ne suke karatu a can da sauran jami'o'i, suna neman abin da za su yi bincike a kai, alhali ga shi a akwatin kakanninsu?

Saboda haka roƙona gare ku, iyaye da 'yan uwa, mai sauƙi ne. Wanda yake da tsofaffin kasa-kasai a gida, musamman na biki ko na wasan da aka ɗauka a nan Sabo, ko Shasha, ko Ojoo, ko Bodija, kada ya zubar. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, daminar kurmi kuwa kun san ta. A fito da su a juye a kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A rubuta a takarda wane ne yake waƙar, a ina, a bikin wa, a wace shekara, tun masu sanin amsar suna raye. Wanda yake da dattijo a gida ya zauna da shi ya tambaya, ya ɗauka da izininsa. Masu hannu a aikin jarida da rediyo a cikinmu su taimaka a fitar da waɗannan labarai inda za a tantance su. Matasa masu sha'awar Wikipedia kuma su fara da gyara shafukan da suke da hujja, su koyi yadda ake kafa madogara, kafin su kai ga buɗe sababbi.

Idan muka yi haka, nan da 'yan shekaru wani yaro zai zauna ya buɗe wa makaɗan Sabo shafi, kuma idan aka tambaye shi hujja zai nuna rubutun da mu muka yi da hannunmu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.